Ciwon Mara Mai Tsanani Da Ƙullutun Gidan Ƙwai Ga 'Yan Matan Da Suka Fara Al'ada: Wanne Ake Jira, Wanne Ake Garzayawa Asibiti

A unguwannin da Hausawa suka fi yawa a Legas, irin su Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, wurin ɗaukar hoton ciki ba ya wuyar samu, kuma wurare da yawa ba sa neman takardar likita kafin su yi sikanin. Wannan sauƙin ya zo da tasa damuwar. Yarinya 'yar shekara 12 ko 13 ta fara al'ada, mara ta hana ta sakat, a kai ta hoto, takarda ta fito ɗauke da cewa akwai ƙullutu a gidan ƙwai. Nan da nan gida ya rikice. Gwaggo ta ce sai tiyata, maƙwabciya ta ce irin wannan ke hana haihuwa, wata ta aiko da jiƙo. Alhali yawancin waɗannan ƙullutai ba cuta ba ne, kuma sau da dama ba ma su ne ke sa ciwon ba. Akwai dai wani yanayi guda da ƙullutun ke jawowa wanda sa'o'i kaɗan ake da su kafin gidan ƙwan ya lalace. Takardar sikanin ita kaɗai ba ta raba waɗannan biyun. Yanayin ciwon ne ke raba su: yadda ya fara, inda ya tsaya, da abin da ya zo tare da shi.

Mace na da gidan ƙwai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu da mahaifa, kowanne tsawonsa kamar santimita 3 a wajen budurwa. Ba a manne suke da ƙashi ba, rataye suke da wasu jijiyoyi da jini ke bi ya shiga ya fita. Kowane wata wasu 'yan jakunkunan ruwa sukan fara girma a ciki, ɗaya ta tsere wa sauran, ta kai santimita 2 zuwa 2.5, ta fashe ta saki ƙwai kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Ke nan lafiyayyar yarinya kan yi ƙullutun ruwa kusan duk wata, aikin jikinta ne. Jakar ruwa zalla da ba ta kai santimita 3 ba, ba abin da za a yi wa magani ba ne, ko da mai sikanin ya rubuta ta da manyan baƙaƙe.

A shekaru 2 zuwa 3 na farkon al'ada, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa gidan ƙwai bai gama daidaita ba. Wani watan jakar za ta girma amma ta ƙi fashewa, ta ci gaba da tara ruwa har santimita 4, 5 ko 6. Wani watan kuma ta fashe, sai kwanson da ya rage ya rufe bakinsa ya cika da ruwa ko jini. Waɗannan biyun su ne ƙullutan da aka fi gani a 'yan mata, kuma suna bajewa da kansu cikin wata 1 zuwa 3. Wannan rashin daidaito ne kuma ke sa al'adar farko ta riƙa wasa. Tazarar kwana 21 zuwa 45 tsakanin al'ada da al'ada daidai ne a wannan shekarun, haka jinin da bai wuce kwana 7 ba. Abin da ke buƙatar likita shi ne ta yi sama da kwana 90 ba ta gani ba, ko jinin ya riƙa jiƙa audugar mata cikin awa 1 ko 2.

Ciwon marar al'ada na yau da kullum

Shi wannan daga mahaifa yake, ba ruwansa da gidan ƙwai. Lokacin da shimfiɗar cikin mahaifa za ta zube, takan saki wani sinadari mai suna furostagalandin wanda ke sa naman mahaifa ya riƙa murɗawa yana matse jijiyoyin jininsa. Yarinyar da jikinta ke sakin sinadarin da yawa ita ce ke birgima. Shi ne kuma ke kawo tashin zuciya, gudawa, ciwon baya da na cinyoyi. Alamarsa a bayyane take: yana zuwa gab da jinin ko tare da shi, a tsakiyar mara, yana murɗawa yana saki, ya fi tsanani a rana ta farko, ya lafa cikin kwana 2 ko 3. Yawanci ba ya farawa da al'adar farko, sai bayan wata 6 zuwa 12. Saboda haka yarinyar da tun jininta na fari take suma don ciwo, kuma kowane wata abin ƙaruwa yake, ta cancanci a duba ta da kyau.

Maganin da ke tare wannan sinadarin shi ne ibufurofen, wanda aka fi sani da Brufen, da danginsa irin su Ponstan. Ga 'yar shekara 12 zuwa sama, miligiram 400 duk bayan awa 8, bayan ta ci abinci, kada a wuce miligiram 1,200 a rana sai likita ya ce. Wadda ba ta kai 12 ba da nauyin jikinta ake auna mata. Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai ciwon ya kwantar da ita. Maganin hana samar da sinadarin yake yi, ba ya kwashe wanda ya riga ya fita, don haka a fara da zarar an ga alamar farko, ko kwana ɗaya kafin ranar da ake sa ran jinin, a ci gaba a kan lokaci har kwana 2 ko 3. Ruwan ɗumi a gora a naɗe da tsumma a ɗora a mara yana taimakawa ƙwarai, motsa jiki ma haka. Farasitamol bai kai ibufurofen ƙarfi a wannan ciwon ba, amma shi ake komawa gare shi ga mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, ko mai asmar da irin waɗannan magunguna ke tayar mata. Mai sikila sai da shawarar likitanta. Ba a ba 'yar ƙasa da shekara 16 asfirin.

Abin da ake haɗawa a wasu kemis, a zuba Brufen da Felvin da Cataflam a leda ɗaya a ce a sha tare, ganganci ne. Duka dangi ɗaya ne, ba sa ƙara sauƙi, sai dai su ci bangon ciki su wahalar da ƙoda. Tiramol kuwa ba shi da gurbi a ciwon al'adar yarinya. Jiƙon kanwa da agbo, jiƙon gargajiyan Yarbawa da ake tallarsa a robobi a bakin tasha ba wanda ya san adadin abin da ke ciki. Maganar cewa shan zaƙi ne ke kawo ciwon mara ba ta da tushe a likitance, haka ma cewa ta yi haƙuri in ta yi aure zai daina. Yarinyar da ke fashin makaranta ko islamiyya kwana 2 duk wata ba haƙuri take buƙata ba. In an yi wata 3 zuwa 6 ana shan magani yadda ya dace babu sauƙi, sai a nemi wani dalilin.

Murɗewar gidan ƙwai

Nan ne haɗarin yake. Da yake gidan ƙwai a rataye yake, in ƙullutu ya ƙara masa nauyi yana iya juyawa ya murɗe jijiyoyin da ke riƙe da shi, kamar yadda ake murɗe tiyon ruwa ya daina zuba. Jijiyar da ke fitar da jini ita ke fara toshewa domin ta fi laushi. Jini na shiga ba ya fita, gidan ƙwan ya kumbura ya yi baƙi, daga baya hanyar shigar ma ta rufe, naman ya fara mutuwa. Haɗarin na ƙaruwa in ƙullutun ya kai santimita 5 ko ya wuce, kuma an fi samunsa a ɓangaren dama. A 'yan mata ƙanana yana faruwa ko da babu ƙullutun komai, saboda jijiyoyinsu sun fi tsawo da sassauci.

Ciwon farat ɗaya yake zuwa, a gefe ɗaya na mara, mai tsanani, yarinya za ta iya faɗin abin da take yi lokacin da ya soke ta. Yawancinsu suna amai ko tashin zuciya. Ba ya bin lissafin al'ada, yana iya zuwa kowace rana ta wata, ko cikin dare. Wani lokaci ya lafa na 'yan sa'o'i ya dawo, domin gidan ƙwan na murɗewa yana warwarewa, kuma wannan lafawar ce ke yaudarar iyaye su ce a bari sai da safe. Zazzaɓi ba ya zuwa da wuri. In ya zo, sau da yawa an makara.

A Legas irin wannan yarinya takan bi ta hannu biyu ko uku kafin ta isa wurin likitan mata. Mai kemis ya yi mata allurar kashe ciwo, a ɗauki jini a ce taifot da maleriya ne, a ɗaura ruwa. Gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot, kuma taifot ba ya fara wa mutum da sukar gefe ɗaya cikin minti guda. Wata kuma a ce sanyi ne a ɗora ta a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu. Ko sikanin ma yana iya ruɗarwa. Akwai nau'in da ke nuna gudun jini, ana ce masa dofila, kuma yana iya nuna jini na shiga alhali gidan ƙwan a murɗe yake, saboda dalilin da aka faɗa a sama. Don haka likitan da ya ce zai shiga ya duba duk da takarda ta ce jini na gudu, ba zalamar kuɗi ba ce lallai. Da ido kawai ake tabbatar da murɗewa.

Aikin shi ne a warware murɗin, a cire ƙullutun in akwai, a bar gidan ƙwan. A da in aka ga ya yi baƙi cire shi ake yi. Bincike ya nuna yawancinsu suna farfaɗowa bayan an warware, kuma a 2019 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta fitar da matsaya cewa kada a cire murɗaɗɗen gidan ƙwan yarinya saboda launinsa kawai, sai in ya ruɓe har yana wargajewa. Uba ko uwar da za su sa hannu a takardar tiyata suna da haƙƙin tambaya: "Likita, za a yi ƙoƙarin bar mata gidan ƙwan?" In kuma ta kama dole a cire, ɗayan da ya rage ya isa ya ci gaba da kawo al'ada, ya isa haihuwa.

Fashewa, da ƙullutan da ba sa bajewa

Ƙullutu na iya fashewa, musamman mai jini a ciki, sau da yawa bayan guje-guje ko ɗaukar kaya mai nauyi, a makonni biyun da ke gab da zuwan al'ada. Shi ma ciwonsa kwatsam ne, amma yawanci yana raguwa cikin kwana 1 ko 2 da hutu da maganin ciwo, jiki ya shanye ruwan. Matsalar ita ce in jijiya ta ci gaba da tsiyaya a cikin ciki. Alamun su ne jiri in ta miƙe, fari a tafin hannu da cikin ido, bugun zuciya da sauri, gumi mai sanyi, ciki ya ɗaure, wani lokaci da ciwo a saman kafaɗa. Wannan ma na gaggawa ne. Yarinyar da tun asali take yawan haɓo, ko jininta ke daɗewa bai tsaya ba in ta yanke, ko al'adarta ke zuba sosai tun farko, a gaya wa likita, domin akwai cututtukan rashin daskarewar jini da ba a gano su sai a wannan shekarun.

Akwai kuma ɗan ciwon gefe ɗaya da wasu ke ji a tsakiyar wata lokacin sakin ƙwai. Sa'o'i kaɗan ne ko yini guda, babu amai, ba ya kwantar da mutum.

Cikin ƙullutan da ba sa tafiya da kansu, wanda aka fi samu a 'yan mata shi ne damoyid. Daga ƙwayoyin halittar ƙwai yake tasowa, shi ya sa in an buɗe shi ake samun kitse, gashi, wani lokaci har haƙori. Iyaye da yawa in suka ga haka sai zancen jifa ko sammu ya taso. Halitta ce sananniya a likitance, kuma kusan dukansu ba kansa ba ne. Yana da nauyi, don haka yana cikin masu jawo murɗewa, kuma kimanin 1 cikin 10 ana samunsa a ɓangarori biyu. Ba ya jin magani, in ya girma cire shi ake yi a bar gidan ƙwan. Kansar gidan ƙwai a yara ba ta da yawa, amma akwai ta. Abin da ke sa a yi zarginta shi ne ƙullutu mai girma ƙwarai, mai tsoka a ciki, mai saurin girma, ko ruwa a ciki da rama. A nan ake gwajin jini na AFP, hCG da LDH, sinadaran da kan hau in akwai irin wannan ƙari, kafin a taɓa ta da wuƙa.

Jinin da ya rasa hanyar fita

Wannan ba ƙullutun gidan ƙwai ba ne, amma a sikanin gaggawa akan ɗauke shi a matsayin haka. Kimanin yarinya 1 cikin 1,000 zuwa 2,000 ana haifarta da tantanin budurci a rufe ruf. Nono ya fito, jiki ya cika, sa'o'inta duk sun fara fashin salla ita shiru, amma duk wata sai ta yi kwanaki tana ciwon mara. Al'adar tana zuwa, jinin ne ke taruwa a ciki. Bayan watanni mara ta kumbura, fitsari ya fara wuya ko ya tsaya cak, bayan gida ma haka. Gyaransa ƙaramin aiki ne a ɗakin tiyata. Duk yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta ga al'ada ba, ko ta yi shekara 3 da fitowar nono shiru, a kai ta a duba.

Abin da ba za a yi ba shi ne kiran wanzami ko ungozoma a ce angurya ce ko gishiri a yanke. Mafitsara na gaba, dubura na baya, tazarar da ke tsakani ba ta da yawa, kuma yankan gishiri na cikin sanannun dalilan yoyon fitsari a ƙasar Hausa. Wani toshewar ma ba a bakin yake ba, can ciki ne, aska ba za ta kai gare shi ba sai ɓarna. Akwai kuma wadda aka halitta da mahaifa biyu, ɓangare ɗaya a buɗe ɗaya a toshe. Ita tana ganin jininta duk wata, shi ya sa ake daɗewa ba a gano ba, sai dai ciwon gefe ɗaya da ke ƙaruwa wata bayan wata. Irin wannan sau da yawa ƙodar wannan gefen babu ita, don haka ake duba ƙoda a hoton, a kuma nemi hoton MRI mai nuna cikin jiki dalla-dalla.

Endometiriyosis, wato tsirowar nama irin na shimfiɗar mahaifa a wajen mahaifa, yana kama 'yan mata ma, ba sai manya ba. A wannan shekarun sikanin yawanci ba ya nuna komai. Ciwon da ya ƙi jin magani, yake zuwa har a ranakun da babu jini, ko yake tsananta wurin bayan gida, shi ake zargi. Sannan ba kowane ciwon mara ne na mata ba: afendis, ciwon mafitsara, taurin bayan gida, tsakuwar ƙoda da tashin sikila duk suna zama a wannan wurin.

A asibiti

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da aka san 'yarsu na da ƙullutu mai santimita 5 ko fiye, su san tun yanzu asibitin da ke da likitan mata da ɗakin tiyata dare da rana, su kuma lissafa da cunkoson hanya. Na Idi-Araba da Mushin ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, a kusa. Na Agege akwai Babban Asibitin Orile Agege da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, LASUTH, a Ikeja. Na Obalende ga Island Maternity, na Mile 12 da Ketu ga Babban Asibitin Gbagada. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767. Da zarar ciwon gefe ɗaya ya zo kwatsam da amai, ko suma, ko zazzaɓi da ɗaurewar ciki, ko tsayawar fitsari, a nufi sashen gaggawa kai tsaye. Kada a ba ta abinci ko kunu a hanya, domin ana son awa 6 ciki babu abinci kafin a sa mutum barcin tiyata. Kada a danna cikin ko a yi mata tausa.

Za a yi gwajin juna biyu, kuma ana yi wa kowace mace da ta fara al'ada in ta zo da ciwon mara, 'yar gidan kowa ce. Ba zargi ba ne. Cikin da ya zauna a bututun ƙwai yana kisa cikin sa'o'i, kuma gwajin guda na taimakawa wurin gano wani nau'in ƙari. Likita zai iya neman ganawa da yarinyar ba tare da iyaye ba na ɗan lokaci, da ma'aikaciyar jinya a wurin, kuma yana da kyau a bari. Sikanin budurwa ta saman ciki ake yi, ba a sa mata na'ura ta gaba. In ba na gaggawa ba ne, ta sha ruwa kamar lita 1 awa ɗaya kafin hoton ta riƙe fitsarin, domin cikakkiyar mafitsara ce ke ture hanji a ga gidan ƙwai sosai. Tiyatar ma ta ciki ake yi, ko a tsaga ƙasan mara ko a yi 'yan huji 3 ko 4 na rabin santimita zuwa 1 a sa kyamara, kuma a gaya wa likita tun farko cewa budurwa ce.

Takardar sikanin mai amfani za ta faɗi gefen da ƙullutun yake, girmansa da santimita, ko ruwa ne zalla ko akwai jini, tsoka ko rabe-rabe a ciki, ko akwai ruwa kwance a mara, da yanayin ɗaya gidan ƙwan. Wadda ba ta faɗi waɗannan ba, a sake hoton a wani wuri. In ruwa ne zalla kuma ciwon da sauƙi, abin yi shi ne jira a maimaita hoto bayan mako 6 zuwa 12, an fi so a 'yan kwanakin da suka biyo bayan ɗaukewar jini, lokacin da sabuwar jaka ba ta girma ba. Babu allura ko maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke narkar da ƙullutu. Ƙwayoyin homon da likita kan rubuta, waɗanda aka fi sani da na tsarin iyali, su ma ba sa narkar da wanda ke nan. Suna hana sabo fitowa, suna rage ciwo da yawan jini, kuma ba sa hana haihuwa bayan an daina. Masu tallan maganin gargajiya da ke nuna hoton kafin da na bayan wata 2 suna cin ladan aikin da jiki ya yi da kansa ne.

Wata kalma da ke yawan fitowa a takardun sikanin 'yan mata ita ce PCOS, wato rikicewar sinadaran homon da ke sa al'ada ta riƙa wasa. Ganin 'yan ƙananan jakunkuna da yawa a gidan ƙwan yarinya abu ne da aka saba a wannan shekarun, shi ya sa ƙa'idar da likitocin duniya suka amince da ita ta ce kada a dogara da sikanin wurin yanke wannan hukunci sai an yi shekara 8 da fara al'ada. PCOS kuma ba ya kawo ciwon mara mai tsanani.

Abin da ya fi taimaka wa likita shi ne lissafi, kuma a gidan Musulmi yana da sauƙi tunda yarinya ta san ranar da ta ajiye salla da ranar da ta yi wanka. Ta rubuta waɗannan a littafi, ta ƙara ranakun ciwo, gefen da yake, ko ta yi amai, maganin da ta sha da ko ya yi aiki. Wata 3 na irin wannan rubutun yakan nuna ko ciwon na bin jini, ko tsakiyar wata, ko ba ya bin komai. In an yi tiyata, duk abin da aka ciro a tabbatar an kai shi ɗakin gwajin nama, a koma a karɓi sakamakon, a ajiye shi tare da takardar da ta bayyana gefen da aka yi wa aiki da abin da aka bari. Wadda aka cire wa damoyid za a riƙa maimaita mata hoto lokaci zuwa lokaci, saboda yana iya sake fitowa a gefen da aka yi aikin ko a ɗayan.